Haƙoran da ke Cikin Kwalla

Ranar da Balki ta fara haɗa ido da shi bai iya ce mata komai ba, don bakinsa cike yake da kwaɓin da ake ɗaukar siffar haƙora da shi.

Dokta Halimatou ce ta cusa masa kwaɓin, sai aka kira ta a telefon. Ta ce, "Balki, zo riƙe nan. Kada ya motsa sai abin ya daskare."

Balki ta ajiye tsintsiya ta wanke hannu. Aikinta a wannan kilinik ta haƙori da ke unguwar Plateau a Yamai shi ne shara, da wanke kayan aiki, da kwaɓa farar ƙasar da ake zubawa a fitar da siffar baki. Ba ta taɓa tsayawa kusa da namiji haka ba. Ta sa yatsunta biyu ta danne abin, ta kafa wa bango ido. Da ta saci kallo sai ta ga shi ma ita yake kallo, ƙwalla na gangaro masa saboda kwaɓin na taɓa masa maƙogwaro.

Da aka cire, ya kurkure baki ya ce, "Na gode, malama. Tun da nake ba a taɓa rufe mini baki da ladabi haka ba."

Dariya ta kama ta. Ta yi sauri ta rufe bakinta da gefen mayafi, yadda ta saba tun tana ƙarama.

Sunansa Shu'aibu, shofer ne na kamiyo, wato direban babbar motar kaya. Shekarar nan damina ta ƙi, sojoji kuma sun karɓi mulki tun kafin zafi ya shigo. Kamiyoyi na ɗaukar hatsin taimako daga Yamai zuwa ƙauyuka, motar soji a gaba, wata a baya. Shu'aibu na cikin masu tuƙin.

Damuwarsa barci ce. Yakan kwanta da wuri, ya tashi kamar wanda ya kwana yana sauke buhuna. Sau da yawa barci na ɗaukarsa a kan sitiyari. Abokan tafiyarsa sun ce idan ya kwanta minsharinsa kan hana kowa sakat, can sai ya yi tsit kamar an ɗauke ransa, sannan ya zabura yana haki. Likitan babban asibiti ne ya turo shi nan.

Dokta ta yi masa bayani Balki na ji. Idan ya yi barci, haɓarsa na komawa baya, harshe ya toshe hanyar iska. Za a yi masa aparai, wata roba guda ɗaya da haƙoran sama da na ƙasa ke shiga ciki tare. Ita za ta riƙe haɓar a gaba, maƙogwaro ya zauna a buɗe.

"Kamar ta Balki ce," in ji Dokta. "Ita don gyaran haƙora take sa tata, kai don numfashi."

Balki ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Haƙoranta na sama sun turo gaba tun tana yarinya, har tsokanar yara ta sa ta bar lakwal, ta daina karatun boko. Da ta fara aiki nan Dokta ta yi mata roba, tana sawa in za ta kwanta. Haƙoran sun koma sosai, amma hannunta bai daina zuwa baki ba.

Shu'aibu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ashe ina da babbar yaya a harkar. To ki riƙa ba ni shawara."

Ranar da ya dawo karɓar robar ya roƙi lambarta, wai ko abin zai dame shi a hanya. Ba a yi mako ba saƙo ya shigo mata.

"Ƴar Shiru, yau na tashi ban ji ciwon kai ba. Na tuƙa har Dosso ido buɗe. Na ga shanu matattu a bakin hanya, na ga mata na tonon gidan tururuwa. Da can ban ganin komai sai barci. Allah ya saka miki."

Ta daɗe tana haɗa baƙaƙe kafin ta aika.

"Dokta ce ta yi, ba ni ba. Ka riƙa wanke ta da ruwan sanyi. Allah ya tsare, Mai Kamiyo."

"Ke kika riƙe mini baki ranar farko. Har yanzu ban karɓe shi ba."

Daga nan duk dawowarsa sai ya bi ta Saga, unguwarsu Balki. Su zauna a ƙofar gida da la'asar, suna kallon gonakin shinkafa da kogin da ya janye har yashi ya fito tsakiya. Shi ke yawan magana. Wata rana ya ce, "Balkina, in kika sake rufe dariyar nan zan kai ƙara wajen soji. Ɓoye kayan jama'a laifi ne yanzu."

Ta sauke hannun. Ranar ce ya ce zai turo manya.

Akwai abu ɗaya da Balki ta yi wanda ba ta gaya wa kowa ba. Dokta kan zubar da tsofaffin siffofin haƙora in wuri ya cika. Da Balki ta ga na Shu'aibu a kwandon shara, sama da ƙasa, da sunansa a gindi, sai ta kasa zubarwa. Ba ta da hotonsa, kuma kunya ba ta bar ta ta roƙa ba. Ta naɗe su a ƙyalle ta kai gida, ta sa a kwallar da ke can saman jeren kwanoni, wadda ba a taɓawa.

Kawunnan Shu'aibu sun zo, mahaifin Balki, Malam Oumarou, ya karɓe su da kyau. Bayan haka mahaifiyar Shu'aibu, Inna Yelwa, ta ƙetaro gada daga unguwarsu Harobanda don ta ga gidan da idonta. Ƴar Maradi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Shu'aibu ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce Ɗan'azumi. Ta zo tare da Salamatu, ɗiyar wanta, wadda kowa ya san ita Inna ta so ya aura.

An gaisa, an sha fura. Balki na durƙushe a gefe, kai a ƙasa. Salamatu sai kallon ɗakin take tana taɓe baki.

Da baƙi suka tashi tafiya, mahaifiyar Balki ta ce ba za su fita hannu wofi ba, ko da shekara ta yi tsanani. Za ta zuba musu shinkafar Saga. Ta ga ƙananan kwanoni ba su dace da surukai ba, sai ta miƙa hannu ta sauko da kwallar sama.

"Iya!" in ji Balki. Muryar ba ta fita sosai ba.

Marfin ya buɗe. Ƙyallen ya warware. Haƙora farare, sama da ƙasa, suka yi wa baƙi murmushi.

Salamatu ce ta fara ɗauka, ta juya gindin.

"Gwaggo, sunansa ne a nan. Wallahi sunan Yaya ne."

Inna Yelwa ta ja da baya tana salati. "Bakin ɗana ne wannan? A cikin kwalla? A rufe?"

"Inna, na wajen aiki ne," in ji Balki. "Da shi aka auna..."

"Mi ya kawo shi ɗakinki?"

Balki ta sunkuyar da kai. Ta yaya za ta ce a gaban uwarta da uwarsa, don ta riƙa kallo ne in ta yi kewarsa?

"Shi ya sa," in ji Salamatu. "Duk abin da aka faɗa masa kan yarinyar nan ba ya ji. Ga kuma abin da yake cusawa a baki in zai kwanta. Ita ta ba shi."

Inna Yelwa ta gyara mayafinta. "An ɗaure mini bakin yaro an rufe da marfi. Ku riƙe shinkafarku."

Bayan fitarsu Malam Oumarou ya shigo ya ji labari. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da Balki ke nan. Ya ce, "A unguwar nan aka haife ni, ba a taɓa ce da gidana gidan asiri ba. Ki fitar mini da abin nan."

Washegari saƙon Shu'aibu ya shigo.

"Balkina, na yi bayani har na gaji. Inna ta karɓe robar ta jefa a murhu. Ta ce in na sake taka kilinik ɗinku ko ƙofar gidanku ba ta yafe mini nononta ba. Ki yi haƙuri, ki ba ni lokaci. Jibi za mu Tahoua da hatsi."

Balki ta karanta. Ba maganar auren ce ta fara zo mata ba. Hanyar Tahoua ce, doguwa, miƙaƙƙiya, ga rana.

"Kada ka tafi ba roba. Don Allah ka ce ba ka da lafiya."

"Soji sun rubuta sunana. Wanda ya ƙi fita, sai ya yi bayani a bariki. Kuma mutane na jiran hatsin nan. Zan ci goro, zan sha shayi. Kada ki damu."

Ta ɗauki haƙoran ta koma da su wajen aiki, ta ajiye gaban Dokta Halimatou, ta faɗi abin da ya faru. Dokta ta yi mata faɗa sosai. Ta ce kayan marar lafiya ba abin wasa ba ne, kuma da wata ce da ta sallame ta. Balki na tsaye tana hawaye.

Can Dokta ta ɗauki siffar ta juya ta a hannu. "Ba ta fashe ba. Tun da ba zai iya zuwa ba, da wannan za a yi masa wata. Amma ba za ta gamu kafin su tashi ba."

Ranar tafiyar, saƙonsa na farko ya zo daga Dosso. "Lafiya lau." Na biyu daga Dogondutsi. "Ido na nauyi, amma ina nan." Daga nan shiru.

Ta kira, telefon a kashe. Ta sake kira bayan azahar, a kashe. Tana wanke kayan aiki almakashi ya yanke ta ba ta ji ba, sai da ta ga jini a ruwa. Washegari ma haka. Ba ta da wanda za ta tambaya. Gidansu an hana ta, tashar kamiyo kuwa soji ne a ƙofa.

Sai da kwanaki suka wuce wata baƙuwar lamba ta turo saƙo.

"Ni ne. Barci ya ɗauke ni kafin Konni, kamiyo ya faɗa rami. Ban kashe kowa ba, alhamdu lillahi. Buhuna sun fashe, mutanen ƙauye suka yi ta tsince gero cikin ƙasa. Soji sun tsare ni, sun ce ƙwaya nake sha. Yau suka sake ni, sun riƙe permina na tuƙi. Ina hanyar gida. Ki yafe mini, Ƴar Shiru."

Sabuwar robar na nan cikin ƴar akwatinta. Balki ta sa ta a jaka, ta haɗa da tata. Ba ta nemi shawarar kowa ba, don ta san abin da za a ce mata. Ta hau motar haya, faba-faba, zuwa gada. A bakin gadar soji suka sauke kowa suna duba takardu, rana na dukan kai. Ta ƙarasa Harobanda da ƙafa.

Azahar ta wuce lokacin da ta yi sallama. Tun daga zaure take jin minsharin.

Shu'aibu na kwance rigingine a tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida, hannunsa ɗaya a naɗe, goshinsa da ƙulu. Gajiya ba ta bar shi ya kai ɗakinsa na waje ba. Inna Yelwa na zaune nesa da shi tana tsince wake, ta juya masa gefe. Salamatu na yi mata fifita.

"Lalle ba ki da kunya," in ji Salamatu. "Kin zo ki ga ko aikin ya ci?"

Balki ta durƙusa. "Ina wuni, Inna."

"Fita mini daga gida." Inna Yelwa ta yi maganar ƙasa-ƙasa don kada ya farka. "Na ƙone abinki, kika bi shi da baki har kika kife masa mota. Mi kuma ya rage?"

Duk maganar da Balki ta shirya a hanya ta gudu. Ta buɗe jaka ta fito da robobin biyu a tafin hannu.

"Wannan tawa ce, Inna. Ni ma ina kwana da ita. Wannan tasa ce. Ba rubutu, ba laya, roba ce kawai. Haƙoran nan kuwa..." Ta dubi Shu'aibu. "Ba ni da hotonsa ne."

Salamatu ta kwashe da dariya. "Hoto! Gwaggo kin ji?"

"Zan tafi," in ji Balki. "In kun ce kada ya aure ni, na haƙura. Amma don Allah ku saurare shi kaɗan kafin ku kore ni."

"In saurari mi? Minshari? Gadonsu ne."

A daidai nan minsharin ya yanke.

Tsakar gidan ta yi tsit. Inna Yelwa ta ci gaba da tsintar wakenta, sannan hannunta ya tsaya. A hankali ta juya. Tun yana yaro rabon da ta zauna ta kalli ɗan farinta yana barci.

Bakinsa a buɗe yake. Ƙirjinsa na ɗagawa yana faɗawa da ƙarfi, kamar mai kokawa da wani, amma ba iskar da ke shiga. Maƙogwaronsa na motsi. Leɓunansa suka fara duhu.

"Zai ja yanzu," in ji Salamatu, amma fifitar ta tsaya a hannunta.

Bai ja ba.

Tiren wake ya kife. Inna Yelwa ta rarrafa ta kama kafaɗarsa tana girgizawa.

"Shu'aibu! Shu'aibu!"

Ya zabura da wani irin gurnani, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga kogi. Ya zauna yana haki, yana kallon uwarsa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Inna? Mi ya faru?"

Inna Yelwa ta zauna dirshan a ƙasa, hannunta na kan kafaɗarsa har yanzu.

"Haka yake yi kullum?" ta tambayi Balki, ba tare da ta dube ta ba.

"Duk lokacin da ya kwanta ba roba, Inna. Sau da yawa kafin gari ya waye. Shi ya sa barcin ba ya isarsa."

Da Inna Yelwa ta sake magana, muryarta ta canza.

"Haka ubansa yake yi. In ya yi shiru sai in zungure shi, ya ja numfashi, ya juya. Shekara da shekaru. Na ɗauka haka barcin maza yake." Ta share fuska da bakin zane. "Na tafi biki Maradi, na bar shi lafiya lau. Da safe aka tarar da shi a kwance."

Salamatu ta sunkuyar da kai, ta shiga tsince waken da ya zube.

Sai lokacin Shu'aibu ya ga Balki. Ya buɗe baki zai yi magana, uwarsa ta ɗaga masa hannu.

"Ke, miƙo abin nan."

Balki ta matso a kan gwiwa ta miƙa. Inna Yelwa ta juya robar, ta shinshina, ta ɗaga ta ga rana. Ta yi bisimilla ta ba ɗanta.

"Sa in gani. Ka koma ka kwanta."

"Inna, a gabanku?"

"Ka kife kamiyon gwamnati a gaban duniya, ni ce za ka ji wa kunya? Kwanta."

Ya sa, ya kwanta. Gajiya ba ta bar shi ya daɗe ba. Matan suka zauna suna jira. Balki ta kafa wa ƙirjinsa ido. In abin bai zauna daidai ba fa? In ya sake yin shiru?

Ba minshari. Inna Yelwa ta tsorata da shirun, ta kai bayan hannunta kusa da hancinsa. Iska mai ɗumi na fita, tana komawa, tana fita. Ta janye hannun, can ta sake mayarwa. Haka ta yi ta yi har inuwar rumfa ta kai bakin rijiya aka kira la'asar.

Sannan ta dubi Balki sosai, karo na farko.

"Ɗiyata, kin ci abinci?"

Balki ta girgiza kai. Hawayen da ta riƙe tun daga gada suka zubo.

Inna Yelwa da kanta ta je Saga ta ba Malam Oumarou haƙuri, ta kuma ce a zuba mata shinkafarta da ta bari, a cikin kwallar nan dai. Dokta Halimatou ta rubuta wa hukuma bayanin ciwon, bayan an yi ta kai da kawo aka maida wa Shu'aibu perminsa.

An ɗaura aure bayan ruwa ya sauka, kogi ya fara rufe yashinsa. Ba a yi babban biki ba, don shekarar ba ta bar wa kowa ƙarfi ba. Salamatu ce ta yi wa amarya lalle, tana yi tana tsokana. "Yanzu dai sai a ɗauki hoto na gaskiya, a bar mutane su huta."

Da aka kai amarya Harobanda, Inna Yelwa ta kama hannunta ta zaunar da ita kusa.

"Ga shi nan na ba ki. Ni na yi gadin ubansa iyakar ƙarfina. Ke Allah ya hutar da ke, ki yi barcinki. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya tsare shi a kan hanya."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Da safe Shu'aibu zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon taga. Ƙananan kofuna biyu na jere, kowane da robarsa cikin ruwan sanyi.

"Balkina, wacce ce tawa? Kada in ɗauki taki in dawo da haƙoran amarya."

Balki ta yi dariya har haƙoranta suka fito duka, hannuwanta biyu na riƙe da butar shayinsa.